Yadda Ake Auna Matashin Mai Jifa a Ƙananan Gasannin Besbol na Amurka

A kakar 1960, a garin Stockton da ke jihar California, Steve Dalkowski ya kori masu bugu 262 cikin zango 170. A wannan kakar dai ya ba masu bugu 262 kyautar tasha. Waɗanda suka tsaya gabansa sun sha cewa ba su taɓa ganin jifa mai gudun nasa ba, amma har ya bar wasa bai taka MLB (Major League Baseball), babbar gasar besbol ta Amurka, ba ko sau ɗaya. Duk mai son auna yaron da ke jifa a ƙananan gasanni ya fara riƙe wannan: ƙarfin hannu da sakamakon bana ba su ne tambayar ba. Tambayar ita ce, cikin abubuwan da yaron ke yi yau, wanne ne zai bi shi idan aka ɗaga shi mataki na gaba, inda masu bugu suka fi wayo?

Ga wanda bai saba da wasan ba: mai jifa yana tsayawa kan tudu, ƙafa 60 da inci 6 (mita 18.44) daga farantin da mai bugu ke tsaye a gefensa. Faɗin farantin inci 17 ne. Jifa uku da suka ratsa ta kan faranti ko mai bugu ya kai musu sanda ya kuskure, an kore shi. Jifa huɗu da suka kauce bai kai musu sanda ba, ya tafi tasha ta farko kyauta. Rayuwar mai jifa duk tsakanin waɗannan biyun take. Zango kuwa juyi ɗaya ne na wasan, yana ƙare wa mai jifa idan an fitar da masu bugu uku, cikakken wasa zango tara ne.

Mataki na 1: shekarunsa nawa, kuma a ina yake wasa

Kafin ka kalli jifa ko ɗaya, nemo ranar haihuwarsa. Tun gyaran da aka yi a 2021, kowace ƙungiya cikin 30 na MLB tana da rassa huɗu masu buga cikakkiyar kaka, jimilla 120: Single-A, High-A, Double-A, sai Triple-A a sama. Ƙasa da su akwai gasannin sababbin shiga a Arizona da Florida, da ta bazara a Jamhuriyar Dominika, inda yaran da aka sa wa hannu tun suna 16 ke farawa.

Masu jifa a Single-A galibi 'yan 21 zuwa 22 ne, a Double-A kuwa wajen 24. Ɗan shekara 23 da ya fito daga babbar jami'a yana ragargazar Single-A bai gaya maka komai ba tukuna, ƙannensa yake jifa wa. Ɗan shekara 20 da ke shan wuya amma yana tsaye da ƙafafunsa a Double-A ya fi shi labari nesa ba kusa ba. Shafin Baseball-Reference yana nuna tazarar shekarun ɗan wasa da na abokan gasarsa a layi guda, ba sai ka yi lissafi ba.

Double-A ce matattara. A nan ne masu bugu ke daina kai wa jifan da ya faɗi ƙasa sanda, a nan ne suke tuna abin da ka jefa musu a zango na biyu su jira shi a na biyar. Duk hukuncin da ka yanke wa yaron da bai kai can ba, da fensir za ka rubuta shi.

Mataki na 2: filin da ƙwallon

Wannan gajere ne amma tsallake shi yana ɓata komai. A gasar Pacific Coast ta Triple-A akwai filaye irin su Albuquerque, Reno, Salt Lake da El Paso da ke kan tudu, iska ba nauyi, ƙwallo tana tafiya nesa, jifa mai lanƙwasa kuma ba ya karyewa yadda ya saba. Albuquerque ta haura mita 1,500 daga matakin teku. Gasar Florida State akasin haka take, mai jifa ne ke jin daɗinta. Ita ma ƙwallon ba ɗaya ba ce a ko'ina: daga 2019 Triple-A ta koma amfani da irin ta MLB, bugun da ke tsallake katanga ya yi tashin gwauron zabi, a rabin farko na kakar 2023 kuma gasar Southern ta gwada wata ƙwallo mai danƙo da ta ƙara wa masu jifa yawan kora. Saboda haka kada ka gwada yaro da na wata gasa. Gwada shi da matsakaicin gasarsa a shekarar.

Mataki na 3: alƙaluman da za ka riƙe da waɗanda za ka ajiye

Ajiye yawan wasannin da ya ci ko ya faɗi. Ajiye ERA ma, wato matsakaicin makin da ake ci a kansa cikin zango tara, ko ka mayar da shi na ƙarshe. A ƙananan gasanni masu tsaron fili yara ne da ke koyon aiki, filayen ba duka ke da laushi ba, ƙwallon da ƙwararre zai cafke cikin sauƙi sai ta wuce a rubuta wa mai jifa. A 2001 Voros McCracken ya wallafa binciken da ya girgiza masu lissafin wasan: da zarar an bugi ƙwallo ta faɗa cikin fili, ikon mai jifa kan ko za ta zama riba ga mai bugu kaɗan ne ƙwarai, kusan kowa yana komawa wajen kashi 30 cikin ɗari. Abin da ke hannunsa sosai uku ne: kora, kyautar tasha, da bugun tsallake katanga. Ma'aunin FIP a kan waɗannan ukun aka gina shi.

To, ɗauki adadin masu bugun da ya fuskanta ka raba. A MLB ta 'yan shekarun nan ana korar wajen kashi 22 zuwa 23 cikin ɗari, ana ba wajen kashi 8 kyautar tasha. Yaron da ake sa ran zai yi fice ya kamata ya haura wannan a ƙasa, domin kowane hawa yana zaftare wani abu. A ce yara biyu ne a High-A. Na farko ERA ɗinsa 2.60, yana korar kashi 19, yana ba da kyauta ga kashi 9. Na biyu ERA ɗinsa 4.10, yana korar kashi 31, kyauta kashi 7. Cire kyauta daga kora: na farko ya tashi da 10, na biyu da 24. Ni dai na biyun zan bi, ko da jaridar garin na farkon take yabo.

Sai yawan samfurin. Binciken Russell Carleton ya nuna adadin kora yana fara faɗin gaskiya bayan masu bugu wajen 70, na kyautar tasha bayan wajen 170, amma sa'ar ƙwallon da aka buga cikin fili tana buƙatar wajen 2,000, wato shekaru. Wata ɗaya mai kyau a kora abin lura ne. Wata ɗaya mai kyau a ERA iska ce.

Ƙara biyu a kai. Duba kason ƙwallon da ake buga masa a ƙasa: wanda ya kai rabi ko fiye yana da mafaka ranar da kora ta ƙi. Sannan raba alƙalumansa tsakanin masu bugun dama da bahagwai, za mu dawo kan dalilin.

Mataki na 4: zauna ka kalli jifan gudu

Gani ya kori ji. Idan kana filin, zauna bayan faranti zango uku na farko don ka ga yadda ƙwallo ke motsi, sannan ka koma gefe ka kalli jikinsa. Idan daga nesa kake, MiLB.TV tana nuna wasanni da yawa, shafin Baseball Savant kuma yana fitar da ma'aunin kowane jifa na Triple-A da na gasar Florida State kyauta.

Matsakaicin jifan gudu a MLB yanzu wajen mil 94 ne a awa, kimanin kilomita 151. Amma kada lamba guda ta ruɗe ka. In aka ce yaro "ya taɓa 99", tambayi inda yake zama. Rubuta gudun kowane jifa a zango na ɗaya, na uku, da na biyar. Wanda ya fara da 96 ya gangaro 91 bayan jifa sittin ba mai 96 ba ne, mai zango biyu ne. Wanda ya fara da 93 ya ƙare da 94, har yana da ajiyar 96 ga lokacin da abokan hamayya suka cika tashoshi, shi ne mai buɗe wasa, wato wanda ke fara jifa ya riƙe zango da yawa.

Bayan gudu sai siffa, kuma a nan ne idon da ke kallon talabijin kawai yake yawan kuskure. Jifa biyu masu gudun 94 ba ɗaya ba ne. Ƙwallon da ke juyawa baya da kyau ba ta faɗuwa yadda ƙwaƙwalwar mai bugu ta ƙiyasta, sai sandarsa ta wuce ta ƙarƙashinta. Na'urori suna auna wannan da inci: wajen 15 zuwa 16 shi ne na kowa, 18 zuwa sama abin nema ne, musamman idan hannun yaron yana sakin ƙwallo daga ƙasa-ƙasa, domin ƙwallon tana isowa saman faranti a miƙe. Akwai kuma mai nutsewa, wadda ke gangarawa gefen hannun mai jifa tana haifar da bugun ƙasa. Kowacce da amfaninta. Abin tsoro shi ne ta tsakiya, wadda ba ta tashi ba ta nutse, ita ce masu bugu suka fi gani tun suna yara, ko da 97 take zuwa za su same ta.

Sai miƙa. Yawancin masu jifa suna sakin ƙwallo wajen ƙafa shida da rabi gaba da inda suka taka, irin su Tyler Glasnow da Logan Gilbert kuwa suna haura bakwai. Tafiyar ƙwallon duka wajen kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa ce, don haka rage ƙafa ɗaya daga hanyar ba ƙaramin abu ba ne.

In ba ka da na'ura, masu bugu za su gaya maka. Ƙirga sau nawa suka kai wa jifan gudu sanda a cikin faranti suka kuskure. A cikin faranti nake nufi, ba wanda suka bi sama da kai ba. Yaron da ke iya wuce sanda a inda mai bugu ke jiran ƙwallo yana da abin da ba ya ƙarewa a Single-A.

Mataki na 5: sauran makamansa

Kusan kowane yaron da aka ɗauka da wuri a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi duk shekara yana da jifa na biyu mai karyewa, ko silaida mai zamewa gefe ko mai lanƙwasa da ke faɗowa daga sama. Tambayoyi biyu za ka yi masa. Yana iya jefa shi cikin faranti idan yana bayan ƙirge, wato jifan da suka kauce sun fi waɗanda suka shiga yawa, ko kullum ƙasa yake binne shi yana fatan a bi? Kuma yana fita daga hannunsa ta hanyar da jifan gudu ke fita? Idan ƙwallon ta fara yin tsalle sama kafin ta karye, ko hannunsa ya rage sauri, ƙwararren mai bugu ya riga ya gane.

Jifa na uku shi ke raba hanya. Silaida tana gudun mai bugu mai hannu irin na mai jifa, amma tana shigowa cikin sandar mai ɗaya hannun. Na dama da ba shi da abin nuna wa bahago, wato jifan rage gudu da ke zuwa mil 8 zuwa 10 ƙasa da na gudu da saurin hannu iri ɗaya, ko mai tsagin yatsu da ke faɗuwa, za a cika masa layi da bahagwai. Nan ne rabon alƙaluman da na ambata zai yi maka aiki. Ka kuma lura da karo na uku da ya fuskanci mutum ɗaya a wasa guda, domin kowane mai jifa yana raguwa a nan, mai makami biyu kuwa ya fi kowa.

Kada ka yi saurin yanke ƙauna a kan wannan. Yaron da ke jefa 95 a sakandare bai taɓa buƙatar rage gudu ba, rage gudun ma taimakon masu bugu ne a can. Sau da yawa ƙungiya tana tilasta masa jefa shi sau goma sha biyar a wasa ko ana bugunsa, wannan ma wani dalili ne na rashin yarda da ERA. Kuma komawa mai karɓar wasa a ƙarshe, wato wanda ke canjin mai buɗewa, ba faɗuwa ba ce. Mariano Rivera ya buɗe wa Yankees wasa 10 a 1995 bai yi armashi ba, aka mayar da shi mai karɓar wasa, ya ƙare da rufe wasa 652.

Mataki na 6: jefawa cikin faranti daban, jefawa inda ake so daban

Kyautar tasha kaɗan tana nuna yaro yana samun faranti. Ba ta nuna yana samun kusurwa. Don ka gane na biyun, daina kallon ƙwallo, kalli safar mai cafewa. Ina ya ajiye ta kafin jifa, ina ya cafke? Yi alama a takarda har jifa talatin. Sannan duba inda kuskurensa ke faɗawa: wanda ya nufi kusurwar waje ya kauce waje ya yi asarar jifa ɗaya, wanda ya kauce tsakiya ya yi asarar maki.

Shane Bieber misali ne na wanda saiti ya ɗaga. A zagaye na huɗu aka ɗauke shi a 2016, gudunsa ba na a zo a gani ba, amma a 2017 kyautar tasha 10 kacal ya bayar cikin zango 173. Daga baya gudu da karyewa suka ƙaru a kan wannan tushe, ya ci kyautar Cy Young, ta gwarzon masu jifa na shekara, a 2020. Ta ɗaya ɓangaren akwai Randy Johnson, wanda ya fi kowa ba da kyautar tasha a gasar American, ɗaya cikin ɓangarori biyu na MLB, shekara uku a jere, 1990 zuwa 1992, sannan ya gyaru ya tara Cy Young biyar. Dogaye irinsa sukan daɗe kafin gaɓoɓinsu su ji magana ɗaya. Sai dai duk mai kawo maka sunan Johnson don ya kare yaron da ke ba kashi 15 kyauta, tuna masa cewa ɗaruruwa sun bi wannan hanya ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A ganina gudu da sabon jifa sun fi saiti sauƙin koyarwa a yau, tunda kowace ƙungiya tana da ɗakin kyamarori da na'urori don wannan aiki.

Mataki na 7: jiki da lafiya

Daga gefe, abu ɗaya nake nema kafin komai: yana maimaita kansa? Ƙafar gaba tana sauka wuri guda, hannu yana fitowa ta kusurwa guda, kai ba ya fizga lokacin saki. Lokacin da ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, hannun jifa ya riga ya ɗago. Idan yana makara, kafaɗa da gwiwar hannu ne ke biyan bashin. Duba shi kuma idan akwai mai gudu a tasha, domin wasu suna rikicewa da zarar sun gajarta motsi, kuma wanda ke ɗaukar fiye da daƙiƙa 1.3 zuwa 1.4 kafin ƙwallo ta isa hannun mai cafewa za a yi ta satar masa tasha.

Masu zaƙulo 'yan wasa suna son dogo siriri mai faɗin kafaɗa ɗan 18, saboda idan ya cika gudu zai ƙaru. Akwai gaskiya a ciki, amma auna mai jifa da tsayi kawai kamar sayen rago ne da ƙaho. Dodgers sun ba da Pedro Martínez ga Montreal a 1993, ana shakkar ƙaramin jikinsa zai jure buɗe wasa, ya je ya ci Cy Young uku.

Game da rauni, kowa ya rage cika baki. An yi ta yaba motsin Mark Prior a matsayin mara aibi lokacin da Cubs suka ɗauke shi na biyu a 2001. A 2003 ya ci wasa 18 da ERA 2.43, a 2006 ya yi jifansa na ƙarshe a MLB yana ɗan 25. Brien Taylor, na ɗaya a 1991, faɗa a wajen fili ne ya lalata masa kafaɗa a 1993. Abin da za ka iya yi shi ne tara tarihi: raunin da ya taɓa ji shi ne mafi ƙarfin alamar na gaba. Gwiwar hannu da kafaɗa ba nauyinsu ɗaya ba. Tiyatar jijiyar gwiwar hannu da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 tana cin wata 12 zuwa 18, kuma da yawa suna dawowa. Jacob deGrom an yi masa ita a shekarar da aka ɗauke shi a zagaye na tara, 2010, bai shiga MLB ba sai 2014, ya ci Cy Young a 2018 da 2019. Kafaɗa kuwa ba ta da wannan tabbaci. Duba zango nawa ya taɓa jefawa a kaka ɗaya: wanda bai taɓa haura 80 ba, ba ka san ko zai iya 160 ba, ƙungiyarsa ma ba ta sani ba. Faɗuwar gudu da mil biyu ko uku daga wasa zuwa wasa, tare da saiti da ya watse, sau da yawa tana riga sanarwar likita.

Mataki na 8: bayan an yi masa laifi

Halin mutum ba ya aunuwa daga kujerar 'yan kallo, amma akwai lokaci ɗaya da yake leƙowa. Jira mai tsaron fili ya zubar da ƙwallo mai sauƙi, ko alƙali ya hana shi jifa mai kyau, sannan ka kalli jifa biyar da suka biyo baya. Tun da aka sa agogon jifa, mai ƙayyade lokaci tsakanin jifa da jifa, ba shi da damar zagaya tudu ya huce. Ka kuma nemi wasan da makaminsa mafi kyau ya ƙi aiki. Yadda ya lallaɓa ya kai zango biyar a irin wannan rana ya fi ranar da ya kori goma faɗa maka abu.

Mataki na 9: rubuta rahoto

Masu sana'ar suna amfani da ma'aunin 20 zuwa 80. Hamsin shi ne matsakaicin MLB, ba na gasar da yaron yake ba, 60 ya fi na kowa, 70 da 80 na 'yan tsiraru ne. Ba kowane jifa maki biyu, na yau da na gobe, misali jifan gudu 55/60, silaida 50/60, rage gudu 30/45, saiti 35/45. Duk inda na gobe ya fi na yau, rubuta dalili a jimla ɗaya. Idan dalilin bai wuce "yaro ne, zai gyaru" ba, rage makin.

Daga nan fitar da matsayi uku: in komai ya tafi daidai, abin da ya fi yiwuwa, da in abu ya ƙi. Yaron misalin da ke sama, in rage gudunsa ya kai 45 da saiti 45, mai buɗe wasa ne na huɗu a jerin biyar. In bai kai ba, mai karɓar zango na bakwai ne. Kalmar "gwarzon ƙungiya" ka yi rowarta. Irin Paul Skenes, da Pirates suka ɗauka na ɗaya a Yulin 2023 ya shiga MLB a Mayun 2024, ba shi ne ma'aunin da za ka ɗora wa sauran ba.

Ƙarshe, gwada hukuncinka da abin da ƙungiyar ke aikatawa, ba abin da take faɗa wa 'yan jarida ba, domin tana da bayanan likita da na na'ura da kai ba ka da su. Ta ɗaga shi a tsakiyar kaka ko ta maimaita masa mataki? Ta bar shi yana buɗe wasa ko ta fara ba shi zango ɗaya-ɗaya? Ta tura shi gasar Arizona Fall League da ake yi bayan an gama kaka? Mafi bayyana duka yana zuwa a Nuwamba: wanda aka sa wa hannu yana 18 ko ƙasa, bayan kaka biyar, ko yana 19 zuwa sama, bayan kaka huɗu, dole a saka shi cikin jerin 'yan wasa 40 na ƙungiya, in ba haka ba wata na iya ɗauke shi a zaɓen Rule 5 na Disamba. Idan ka ba yaro 55 amma ƙungiyarsa ta bar shi a waje, sauran 29 kuma suka wuce shi, koma kan faifan wasanninsa na watan Agusta ka sake ƙirga gudun zango na biyar.